Tambaya da Amsa: Tsohon Yumɓu Mai Buɗaɗɗen Baki da Jikokinsa

A fitowar da ta gabata an buga hoton wani mutum-mutumin yumɓu a shafin baya: tsoho a zaune ya miƙe ƙafafu, ido a rufe, baki a buɗe, yara sun ɗare shi ta ko'ina. Layi ɗaya aka rubuta a ƙasan hoton, cewa aikin mutanen Pueblo ne na Amurka. Wasiƙun da suka zo a kansa sun ture na girki da na rikicin makaranta, don haka yau na bar masa filin gaba ɗaya.

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Hoton nan ya tsaya mini a rai. Su wane ne mutanen Pueblo, kuma tsohon nan wane ne? Maigidana ya ce irin kayan tarihin nan ne da ake tonowa a ƙasa, masu shekara dubu.
Maman 'yan biyu, Zariya

AMSA: Maman 'yan biyu, ki gaya wa maigida cikin ladabi cewa wannan karon bai canka ba. Na farkon irin wannan mutum-mutumi, wanda ake kira mai ba da labari, an gina shi ne a 1964, Najeriya na da shekara huɗu da samun 'yanci. An san matar da ta gina shi, an san garinsu, an san kuma mutumin da take tunawa lokacin da take murza yumɓun.

Mutanen Pueblo 'yan asalin ƙasar Amurka ne, suna zaune a kudu maso yammacinta tun kafin Bature ya san da wurin. Turawan Sifen da suka iso sun tarar da su a garuruwa na gidajen laka da dutse, suna noman masara da wake da kabewa. Yau akwai irin waɗannan garuruwa 19 a jihar New Mexico, kowane da gwamnansa da majalisarsa, kuma ba harshe ɗaya suke yi ba. Wanda ya shafe mu shi ne Cochiti, ƙaramin gari a bakin kogin Rio Grande, kimanin kilomita 55 daga birnin Santa Fe. Harshensu Keres. An san su da sassaƙa ganga, an kuma san matansu da ginin tukwane.

A nan aka haifi Helen Cordero a 1915. Ba ta taso da gini ba, sai da ta haura arba'in ta fara taɓa yumɓu. Kafin nan ita da wata 'yar'uwarta, Juanita Arquero, aikin fata da duwatsun ado suke yi su sayar, amma ribar duk tana komawa wajen sayen kayan aiki. Sai wata dattijuwa a dangin mijinta ta ba su shawara su koma ginin tukwane, tunda shi ba a sayen komai, ƙasa ce ke bayarwa. Juanita ta iya gini tun tana yarinya, ta zaunar da Helen tana koya mata har wata shida. Ina! Kwanukan Helen duk a karkace suke fitowa. Da Juanita ta ga haka sai ta ce ta bar tukwane ta gwada siffofi. Nan hannunta ya faɗa. Ta shiga gina tsuntsaye da kwaɗi da ƙananan mutane, ba ta ƙara waiwayar tukunya ba.

Gina siffar mutum ba baƙon abu ba ne a Cochiti. Bayan jirgin ƙasa ya iso yankin a 1880, baƙi suka yi yawa, matan garin suka riƙa gina manyan siffofi na mutanen da suke gani: limaman coci, 'yan kasuwa, makiyayan shanu masu hawan doki, 'yan wasan da ke yawo gari-gari da dabbobi. Da yawansu shaguɓe ne tsagwaronsa, sai Baturen ya biya kuɗi ya ɗauki abin da aka zolaye shi da shi ya kai gida yana murna. Daga baya masana da masu gidajen tarihi suka raina wannan aiki, suka ce tarkacen 'yan yawon buɗe ido ne, tukunya ita ce fasaha. Kasuwa ta bi bakinsu. Zuwa lokacin da Helen ta fara, abin da ya rage sai 'yan ƙananan dabbobi da wata siffa ta uwa a zaune riƙe da jariri tana rera masa waƙa, wadda suke kira uwa mai waƙa.

A 1960 Helen ta kasa kayanta a bikin garin Santo Domingo, maƙwabcin Cochiti. Wani mai zanen gidaje da kayan ado, Alexander Girard, wanda ke tara aikin hannu daga ko'ina a duniya, ya saye duk abin da ta kawo. Shi ne a 1964 ya ce ta gina masa uwa mai waƙa babba, da yara da yawa. Ta koma gida tana juya maganar, amma wanda ya riƙa faɗo mata a rai kakanta ne, Santiago Quintana, gwanin ba da labari wanda kullum jikoki ke kewaye da shi. Ba a gida kaɗai aka san shi ba. Masana irin su Adolph Bandelier da Ruth Benedict sun zauna a gabansa sun rubuta abin da ya faɗa musu. Sai ta gina namiji a maimakon mace, ta ɗora masa jikoki biyar. Wannan na farkon yana gidan tarihin aikin hannu na ƙasa da ƙasa da ke Santa Fe, cikin kaya fiye da 100,000 da Girard ya ba su kyauta.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Ta ci kyaututtuka a bajekolin jiha a wannan shekarar, ta ci a babbar kasuwar 'yan asalin ƙasa ta Santa Fe, hoton aikinta ya hau bangon mujallar National Geographic a 1982, gwamnatin Amurka ta karrama ta da lambar girma ta masu riƙe da fasahar gargajiya a 1986. Ta rasu a 1994. Kafin rasuwarta masu gina irin wannan siffa sun kai ɗaruruwa a garuruwan Pueblo.

Ni abin da ya fi burge ni a labarin shi ne, mai saye ya faɗi abin da yake so, ita kuma ta ba shi abin da ke ranta, ya kuwa karɓa da hannu biyu. Kuma ta tsaya a kan maganarta har ƙarshe: a wurinta mai ba da labari namiji ne, kakanta ne. In mace aka gina, ko da yara nawa ne a jikinta, uwa mai waƙa ce. Ta sha nuna ɓacin ranta cewa mutane suna gina abin suna kiransa da sunan, alhali ba su san daga wa aka samo shi ba. Kasuwa dai ba ta saurare ta ba. Yau mace, namiji, har beyar da kunkuru da mujiya, in dai baki a buɗe yake kuma akwai 'ya'ya a jiki, sunansa mai ba da labari.

TAMBAYA: Me ya sa idonsa a rufe, bakinsa a wangame? Kuma yawan yaran yana da wata ma'ana?
Ɗalibi, Maraɗi

AMSA: Ɗana, Helen da kanta ta ba da amsar ta farko: idon a rufe yake don yana tunani, bakin a buɗe don yana rera labarin. Buɗaɗɗen bakin yana da wani amfanin kuma, domin cikin siffar kogo ne, ta nan tururi da iska mai zafi ke fita in ana gashi.

Yawan yara ba shi da wata ɓoyayyiyar ma'ana, duk da za ka ji masu kanti suna ƙaga masa. Nata sun fara da biyar, wasu suka kai talatin. Akwai magina a Jemez, wani garin Pueblo, da suka ɗora fiye da ɗari a kan siffa ɗaya. Yawan yara dai yawan aiki ne, yawan aiki kuma yawan kuɗi.

TAMBAYA: Malama, gaskiya ni hoton bai kwanta mini ba. Wannan ba gunki ba ne? Ba bauta masa suke yi ba? Ƙanena da ke Amurka ya taɓa cewa zai aiko mini da irinsa na ce ya riƙe abinsa.
Alhaji, Sabon Zango, Akara

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Tambayoyi biyu ne a cikin wasiƙarku, bari in raba su.

Ta farko, ko ana bauta masa. A'a. Ba a yi masa yanka, ba a roƙonsa, ba a kai shi wurin ibada. Don sayarwa aka fara gina shi, don sayarwa ake gina shi har yau, kuma mafi yawansu a gidajen da ba na Pueblo ba suke ƙarewa. Mutanen Cochiti 'yan Katolika ne, cocin garin na waliyyi Buenaventura ne, ana bikinsa ranar 14 ga Yuli kowace shekara. Tare da haka suna riƙe da addininsu na kaka da kakanni, kuma wannan ɓangaren a rufe yake ruf. Suna da dalili. Limaman Sifen sun farfasa musu kayan ibada, sun yi wa shugabannin addininsu bulala, sun rataye wasu, har abin ya kai ga boren 1680 ƙarƙashin wani mutum mai suna Popé, inda suka kori Sifaniyawa daga ƙasar tsawon shekara 12. Tun daga wancan zamani suka koyi ɓoye abin da yake da tsarki a wurinsu. Saboda haka duk abin da kuka ga an kasa a kan bargo ana jiran mai saye, ku tabbata ba ya cikin waɗancan.

Ta biyu, ko ya halatta Musulmi ya ajiye shi a falo. Wannan magana ce daban, kuma ba ta rataya a kan ko masu ginin suna bauta masa ba. Abin da aka sani a mazhabar Malikiyya shi ne hana cikakkiyar siffar mai rai wadda take da inuwa, in ban da 'yartsanar wasan yara mata. Don haka ƙin da kuka yi yana da madogara, kada wani ya ce muku ƙauyanci ne. Ragowar bayani ku nema wurin malaminku. In ƙanen naku ya dage sai ya yi muku tsaraba daga can, ku ce ya sayo tukunyar Acoma, fara mai siririn zane, ko baƙar tukunyar Santa Clara mai sheƙi. Su ma garuruwan Pueblo ne, hannun mutanen ɗaya ne, kyan kuma ba a magana.

TAMBAYA: Anti, mu gidanmu magina tukwane ne, kakata da mahaifiyata duk sana'arsu ke nan, ni ma ina taɓawa. Na nuna wa Inna hoton ta ce in tambaya: yaya suke yi yaran nan ba sa ɓallewa a wuta, kuma da me suke yin baƙin zanen?
Maginiya, Dawakin Tofa

AMSA: Ki gaishe mini da Inna, ki ce ta yi tambayar masu sana'a. Na ga ana wannan aiki da idona lokacin da na je zaman jegon 'yata a birnin Albuquerque na jihar New Mexico, a cibiyar al'adun Pueblo da ke can, wadda garuruwan 19 suka haɗu suka buɗe a 1976. Wata mata ce a zaune da ƙaramin tebur, kwanon ruwa a gefe, tsumma mai laima a rufe kan curin yumɓu. Babu injin juyi, babu ma'auni, yatsu ne kawai da 'yan ƙananan itatuwa.

Aikin yana farawa ne daga ramin yumɓu. Kowane gida ya san inda yake ɗiba, ba a cika faɗa wa baƙo ba, kuma masu riƙo da al'ada sukan yi addu'a su yayyafa garin masara kafin su haƙa. In an kawo gida sai a shanya, a jiƙa, a tace tsakuwa da saiwoyi, sannan a cuɗa da abin da zai hana shi tsagewa. A Cochiti tokar dutse mai aman wuta suke sawa, don ƙasarsu cike take da ita. A Acoma kuwa tsofaffin katangar tukwane ake dakawa a zuba.

Jikin babban ana ɗaga shi ne da nannaɗen yumɓu, zobe kan zobe, a bar cikin a kogo. Ƙafafu da hannaye da kai a haɗa. Yaran kuma ɗaya-ɗaya ake murza su. Ga amsar Inna: ana manna su ne tun jikin babban yana da danshi, su ma suna da danshi daidai da nasa. Na ga matar nan ta kakkarce wurin da ɗan tsinke, ta ɗiga ruwan yumɓu, ta danna yaron a kafaɗar tsohon, sannan ta bi gaɓar da babban yatsa tana shafewa har hannun yaron da rigar tsohon suka zama abu ɗaya. In ɗaya ya fi ɗaya bushewa, to kowa zai ja nasa wajen ƙanƙancewa, tsaga ta fito, a wuta kuma yaron ya yi tsalle. Daga nan a bar shi ya bushe a inuwa, a hankali, kwanaki. A goge da takardar yashi. Wannan gugar ita ce masu yi suka fi kuka da ita, domin sai an bi tsakanin ƙafar wannan yaro da kunnen wancan ba tare da an karya komai ba.

Sai shafe. Farar ƙasa ce ake damawa da ruwa-ruwa, a shafa da tsumma, a bari ta sha iska, a sake, sau da yawa, har jikin ya yi fari mai ɗan ruwan madara. Jan kuma jar ƙasa ce. Baƙin shi ne abin mamaki, don ba ƙasa ba ne, ganye ne. Akwai wani tsiro mai fure ja-ja da suke kira alayyafon daji, har cinsa suna yi yana ɗanye sharaf. A tsinko shi da yawa, a dafa, a tsame ganyen, a ci gaba da tafasa ruwan har ya yi kauri ya yi baƙi ya daskare. A ajiye shi dunƙule-dunƙule, ya shekara bai lalace ba. Ranar zane a gutsura a jiƙa. A jikin siffar, kafin gashi, ba ya nuna baƙi sosai, ruwan ƙasa-ƙasa yake yi, mai zanen kusan da ƙiyasi take aiki. Wuta ce ke mayar da shi baƙi. Kuma ba kowace farar ƙasa ke riƙe shi ba: irin ta Cochiti da Santo Domingo tana tsotse ruwan ganyen ta kama shi, a kan wata kuwa sai ya ƙone ya bi iska. Shi ya sa a Acoma sai an haɗa shi da garin wani dutse. Alƙalamin zanen na asali ganyen yuka ne, wani tsiro mai dogon ganye mai zare, a tattauna bakinsa har zaren ya fito a rage silin da ake so. Yanzu da yawa buroshin kanti suke saye.

Gashi a fili ake yi, da sassafe, ranar da babu iska. A ɗora siffar a kan ragar ƙarfe, a kāre ta da gwangwani ko wata ragar don kada makamashi ya taɓa jikinta, a jera busasshen kashin shanu falle-falle a rufe ta, a cusa itace a ƙasa a kunna. Haka Helen take yi a bayan gidanta. In garwashi ya faɗa a jiki sai ya bar tabon hayaƙi. In akwai sauran danshi ko iska ta maƙale a cikin yumɓun, sai dai a ji fas, aikin makonni ya tafi. Wannan Inna ta fi ni sani. Ba sa zuba ruwan gilashi a kai, don haka siffar ba ta da santsin tangaran.

Da abin ya bazu, kowane gari ya yi shi da ƙasarsa. Na Acoma farare ne tas, da ƙananan tsuntsaye da malam-buɗe-littafi a jikin yaran, kamar aikin Marilyn Ray. Na Isleta, musamman na gidan Stella Teller da 'ya'yanta mata, launinsu a sanyaye yake, sukan saka musu sarƙar shuɗin dutse. A Santa Clara akwai baƙaƙe ƙirin, waɗanda ake turnuƙe wutarsu da garin kashin dabbobi hayaƙi ya shige su. Na Taos yumɓunsu yana ƙyalli da kansa. A Cochiti, Louis Naranjo ya yi suna da beyar mai ba 'ya'yanta labari, 'ya'yan Helen da jikokinta suka ci gaba da nata salon, Virgil Ortiz kuma, ɗan maginiya Seferina Ortiz, ya koma can baya ya farfaɗo da siffofin shaguɓen nan da masana suka taɓa rainawa. Yanzu gidajen tarihi rububinsu suke yi.

TAMBAYA: Ni malamin firamare ne. Tunda har sun yi wa mai ba da labari mutum-mutumi, ke nan su tatsuniya ba ta mutu a wurinsu ba kamar yadda take mutuwa a wurinmu?
Malam, Garwa

AMSA: Malam, da ma haka ne. Su ma suna da ƙa'ida irin tamu, sai dai mu dare muke jira, su kuma hunturu: in an gama girbi, sanyi ya shigo, dare ya yi tsawo, sannan tsofaffi ke buɗe baki. Amma shekarun da siffar ta yi tashe su ne shekarun da zaman da take nunawa ya riƙa watsewa. Gwamnatin Amurka ta gina wata ƙatuwar madatsar ruwa a ƙasar Cochiti, aka fara a 1965 aka gama a 1975. Ruwa ya riƙa tsattsafowa ta ƙarƙashinta ya jiƙe gonakin garin, noma ya tsaya shekara da shekaru. Aka gina sababbin gidaje nesa da tsakiyar gari, kaka a can jika a nan. Ga makaranta da Turanci, ga talabijin. Aka wayi gari yara suna jin Keres sama-sama ba sa iya mayarwa. Su kuma mutanen Cochiti ba su yarda a rubuta harshensu ba, sun ce na baki ne, a baki za a koye shi. Ka ga ke nan in babu tsoho da yaro a wuri ɗaya, babu wani littafi da zai cece shi.

Ba su naɗe hannu ba. Tun shekarun 1990 suka fara shirin koyar da yara da harshen zalla, a 2012 kuma aka buɗe wata makarantar ƙananan yara a garin inda Keres ne harshen aji. Ba zan ce maka mutum-mutumin ne ya jawo wannan ba. Shi kuɗi ya kawo wa gidaje, ya sa mata da yawa suka samu sana'a ba tare da sun bar gari ba, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

TAMBAYA: Anti, ofis zai tura ni kwas Albuquerque a watan Agusta. Ina so in sayo wa wata abokiyar aikina da ke tara irin waɗannan kaya. Yaya zan gane na gaske, kuma nawa zan tanada?
Ma'aikaciyar jinya, Kaduna

AMSA: 'Yata, kin dace da lokaci. A ƙarshen mako na uku na Agusta ake cin babbar kasuwar 'yan asalin ƙasa a Santa Fe, wadda ake yi tun 1922, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga Albuquerque, akwai jirgin ƙasa ma. Masu sana'a wajen dubu ke kasa kaya, kuma ba a ba mutum rumfa sai an tantance shi da aikinsa. In kwanakin ba su yi miki daidai ba, ki je dandalin tsakiyar birnin. A ƙarƙashin barandar tsohuwar fadar gwamnoni, ginin da ke nan tun 1610, kullum za ki tarar da su a jere sun shimfiɗa kaya a kan barguna, kuma dokar wurin ita ce mai sayarwa ko 'yan gidansa su suka yi abin. Kantin cibiyar al'adun Pueblo a Albuquerque shi ma abin amincewa ne. Sunan da za ki tambaya da Turanci shi ne storyteller.

In kin ɗauka, ki tallafo shi ta ƙasa da hannu biyu ki juya gindin. Za ki ga sunan maginin da sunan garinsu. In babu, ki ajiye. In akwai, ki yi tambaya huɗu: ke kika gina da hannu ko a mazubi aka zuba? Yumɓun na haƙa ne ko na kanti? Launin na ƙasa da ganye ne ko fenti? A fili aka gasa ko a murhun lantarki? Ba sa jin haushin waɗannan tambayoyi, mai aikin kirki ma daɗi take ji.

Ki fahimce ni, murhun lantarki ko fentin kanti ba zamba ba ne in an faɗa miki. Magina da yawa na ƙwarai sun koma lantarki don gudun asara, ba na kuma ganin laifinsu. Sai dai farashin ya kamata ya nuna bambancin. Wanda za ki guje wa shi ne na mazubi da ake sayarwa da sunan ginin hannu, da wanda aka yo a wata ƙasa aka liƙa masa sunan Pueblo. Na mazubi ba shi da nauyi, jikinsa sumul, wani lokaci za ki ga siririn layi a gefe inda mazubin ya haɗu, kuma in kin duba kanta za ki ga 'yan'uwansa goma masu fuska ɗaya sak. Na hannu kuwa ko mutum ɗaya ya gina biyu ba za su zo daidai ba. Akwai dokar tarayya ta 1990 da ta haramta sayar da kaya da sunan aikin 'yan asalin ƙasa alhali ba nasu ba ne. Laifin farko kaɗai yana iya jawo wa mutum tarar da ta kai dala 250,000 ko ɗaurin shekara biyar. Saboda haka ki ce a rubuta miki sunan magini da garinsu a rasit. Mai gaskiya ba zai yi gardama ba.

Kuɗi kuwa, ƙarami mai tsawon yatsa da yaro ɗaya ko biyu za ki samu da 'yan gomomin daloli. Matsakaici daga hannun wadda ta yi suna, ɗaruruwa ne. Na Helen Cordero ki kalla kawai ta bayan gilashi, dubbai ne, wasu sun haura dala 10,000. Shawarata, kada yawan yara ya ruɗe ki. Gara mai yara uku da kowane yake da abin da yake yi, wannan ya yi barci a cinya, wancan yana jan gashin tsohon, na ukun ya leƙo ta bayan kafaɗa, da mai yara ashirin da aka jera kamar an buga da hatimi. Ki dubi fuskar babban ma. Na ƙwarai, sai ki ji kamar da gaske sauti na fita daga bakin.

Kada ki yi cinikin Kasuwar Kurmi a gaban matar da ta gina abin da hannunta. A kanti kina iya neman ragi. A gabanta, in ya fi ƙarfinki, ki yaba ki tambayi ƙarami. In kuma hanya ta kai ki Cochiti kanta, ki mayar da waya jaka: an hana ɗaukar hoto da zane da naɗar murya a garin, kuma da gaske suke.

Wajen dawowa, ki naɗe shi da takarda mai laushi, ki cusa auduga tsakanin yaran, ki sa a kwali, kwalin kuma a jakar hannu, ba cikin akwatin da za a jefa a cikin jirgi ba. Ki gaya wa abokiyar aikin taki kada ta kuskura ta wanke shi ko ta goge da jiƙaƙƙen tsumma, ruwa yana ɗaga shafen ya ɓata zanen. Busasshen buroshi mai laushi ya isa kaɗe ƙura, ta kuma nisanta shi da taga mai rana.